Sanin Hali Kafin a Ɗaura Aure: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke ta dawowa a bakin samari da 'yan mata, da zawarawa, da iyaye da waliyyai, duk lokacin da maganar aure ta taso. An fara da na share fage, sannan aka shiga masu nauyi. Inda amsa ta taɓa wata, an nuna lambar tambayar.

1. Me ake nufi idan aka ce halin mutum daga abin da ya fifita yake fitowa?

Kowane ɗan Adam yana da abubuwan da ya fifita a zuciyarsa, ko ya taɓa zama ya lissafa su ko bai taɓa ba. Wani ya fifita tsoron Allah, wani kuɗi, wani iyayensa, wani abin da jama'a za su ce, wani kuma jin daɗin ransa kawai. Ba a gane wannan a ranar da komai ke tafiya daidai. Ana gane shi ne ranar da abubuwa biyu suka ci karo, ya zama dole ya saki ɗaya. Wanda ya riƙe, shi ya fifita. Idan ya yi ta maimaita irin wannan zaɓi shekara da shekaru, shi ne mutane ke kira halinsa.

A ɗauki teloli biyu da suka karɓi ɗinkin salla fiye da ƙarfinsu. Na farko, tun azumi na goma zai kira wasu daga cikin masu kaya ya ce su yi haƙuri su zo su ɗauka, ya mayar musu da kuɗinsu, ya haƙura da ribar. Na biyu zai yi ta cewa “gobe, gobe” har daren salla, sannan ya kashe waya. Dukansu sun san cika alkawari abu ne mai kyau, idan ka tambaye su ma za su kawo maka aya. Amma matar da ta auri na biyu za ta sha jin wannan “gobe” ɗin a kan kuɗin haya, kuɗin makarantar yara da kuɗin asibiti.

2. Waɗanne halaye ne Bahaushe ya saba dubawa kafin ya ce wane mutumin kirki ne?

Masanin nan ɗan Ingila, Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aiki a Arewacin Najeriya kuma ya koyar a Zariya, ya gabatar da lacca a kan wannan batu, Jami'ar Indiana ta Amurka ta buga ta a 1974. Ya tattaro halaye goma da ya ga Hausawa na auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ba zai ga baƙo a cikinsu ba, don da su aka yi mana faɗa, da su aka yabe mu.

Abin da ya kamata mai neman aure ya lura da shi, waɗannan goma ba nauyinsu ɗaya ba a zaman gida. Ladabi da kunya ana iya aro su na ɗan lokaci. Saurayi zai iya durƙusawa har ƙasa ya gaida surukai na wata shida ba tare da ya gaji ba. Karamci ma yana iya zama na waje, a yi kyauta a majalisa alhali tukunyar gida ba ta hau wuta ba. Gaskiya da amana da adalci kuwa suna da wuyar aro, domin kullum sai an biya musu farashi. A ganina, su ukun nan ne za a fara nema, sauran su biyo baya.

3. Yana salla a jam'i, ba ya shaye-shaye. Wannan bai wadatar ba?

Babban abu ne, kuma kada kowa ya raina shi. Sai dai hadisin da iyaye ke yawan kafa hujja da shi, wanda Tirmizi ya ruwaito, abu biyu ya ambata: idan wanda kuka yarda da addininsa da halinsa ya zo muku, ku aurar masa. Da a ce ganin mutum a sahun farko ya isa shaida, da ba a ƙara ambaton hali ba. Haka kuma a Buhari da Muslim an bayyana alamomin munafuki uku: idan ya yi magana ya yi ƙarya, idan ya yi alkawari ya saɓa, idan aka ba shi amana ya ci. Dukkan ukun a mu'amala da mutane ake ganin su.

Wannan ya shafi mace kamar yadda ya shafi namiji. Doguwar hijabi da zuwa Islamiyya alama ce mai kyau, amma ba su faɗa maka yadda take da ƙannenta ko yadda take riƙe sirri ba. Hausawa Kiristoci ma haka suke aunawa, ba a tsayawa a kan zuwa majami'a kawai. A wasiƙar Galatiyawa, sura ta 5, an lissafa ƙauna, haƙuri, aminci da kamun kai cikin abubuwan da ake gane mai bi na gaskiya da su. Yadda ake leƙa wannan ɓangare yana cikin amsa ta 4 da ta 5.

4. A wurin zance kowa na kirki ne. Ta yaya zan gane ainihin halinsa?

Kada ki auna shi da yadda yake yi miki, don ke yake nema. Ki auna shi da yadda yake yi wa wanda ba ya neman komai a wurinsa. Yaron da ya aika ya yi masa sallama da ke, da wace murya ya kira shi? Almajirin da ya tsaya a gefen mota yana bara fa? Idan mai adaidaita ya goge masa mota, me ke fita daga bakinsa a minti na farko? Idan mahaifiyarsa ta kira yana tare da ke, yana ɗagawa da ladabi ko yana tsaki ya kife wayar? Ki kuma saurari yadda yake ba da labarin waɗanda suka saɓa da shi. Mutumin da a duk labarinsa shi ne aka zalunta, tsohuwar matarsa muguwa, maigidansa azzalumi, 'yan uwansa mahassada, bai taɓa cewa “a nan ni na yi kuskure” ba, wata rana ke ma za ki shiga jerin.

An ruwaito cewa wani ya zo gaban Sayyidina Umar yana yabon wani mutum. Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ko sun taɓa tafiya tare, ko cinikin dinari da dirhami ya taɓa haɗa su. Da ya ce babu ko ɗaya, Umar ya ce masa ai bai san shi ba. Maƙwabtaka, tafiya, kuɗi. Budurwa ba za ta iya gwada saurayi a waɗannan wurare da kanta ba, shi ya sa bincike ya zama aikin magabata.

Ga namiji ma haka ne. Ka lura da abin da take nema a wurinka da yadda take yi idan ka ce babu. Ka lura ko sirrin ƙawayenta na zuwa kunnenka. Idan yana zuwa, naka ma yana tafiya wani wuri.

5. Wa ya kamata a tambaya a wurin bincike, kuma me za a tambaya?

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tafi wurin liman da mai unguwa kawai, a tambaya “yaya yaron nan yake?”, su ce “ba mu san shi da wani abin ashsha ba”, a dawo gida a ce an yi bincike. Liman a masallaci ya san shi, mai unguwa kuma sai an kai ƙara yake sani. A gaishe su, a ji ta bakinsu, amma a ƙara gaba. A nemi wanda suka yi haya gida ɗaya, mai kantin da yake karɓar kaya bashi, abokin sana'arsa, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Idan ya taɓa aure, a ji daga ɓangaren matar da ya rabu da ita, a kuma duba ko yana ɗaukar nauyin 'ya'yan da suka haifa. Idan yana da mata a gida, halin da take ciki shi ne shaida mafi ƙarfi, ya fi duk alkawarin da zai yi wa amarya.

'Yan kasuwarmu sun daɗe da sanin darajar irin wannan shaida. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya bayyana yadda ake sayar wa mahauta shanu bashi, maigidan da fatake suka sauka a wurinsa ya tsaya a matsayin lamuni, idan mahauci ya ƙi biya shi zai biya. Saboda haka sai da suka san kowane mahauci ciki da waje kafin su miƙa masa sa guda. Abin takaici ne a ce wani uban yana binciken wanda zai ba bashin buhun masara fiye da wanda zai ba 'yarsa.

Tambayar kuma ta zama mai kama hannu: Yana biyan bashi a kan lokaci? Idan ya fusata me yake yi? An taɓa jin ya ɗaga wa mace hannu? Da me yake ci, kuma su wa yake ciyarwa? Ina yake kwana, su wa yake zama da su? A kuma tura mutum biyu da ba su san da juna ba, namiji da mace, domin labarin cikin gida mata suka fi sani.

6. An zo bincike a wurina kan maƙwabcina, kuma na san yana da mugun hali. In na faɗa ban yi gulma ba?

Ba ka yi ba, matuƙar gaskiya ka faɗa kuma don nasiha ka faɗa. A Sahihu Muslim, Fatima 'yar Ƙaisu ta je wurin Manzon Allah (SAW) ta ce Mu'awiya da Abu Jahmi suna neman aurenta. Ya gaya mata cewa Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahmi kuma ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa, a wata ruwayar aka fayyace cewa mai dukan mata ne. Sannan ya ba ta shawarar ta auri Usama ɗan Zaidu. Imam Nawawi ya lissafa irin wannan shawara cikin wuraren da aka halatta ambaton aibin mutum a bayan idonsa.

Sharaɗin shi ne ka tsaya a kan abin da ka gani ko ka tabbatar, ka bar jita-jitar majalisa, kada ka ƙara gishiri don wata tsohuwar gaba, kada kuma ka tono laifin da ya daɗe da tuba daga gare shi. Idan kana tsoron rigima, ko “ni dai da 'yata ce ba zan ba shi ba” ta isa. Abin da bai halatta ba shi ne ka ce “yaron kirki ne” don kunyar ubansa, yarinyar mutane ta je ta sha wuya. Kunyar da ke jefa wani a rami ba ita ce kunyar da aka yaba ba.

7. Gidan da mutum ya fito yana nuna halinsa?

Yana nuna abin da ya saba gani, wannan kuma ba ƙaramin abu ba ne. Yaron da ya tashi yana ganin ubansa na shawara da uwarsa zai ɗauki shawara da mata abu na yau da kullum. Wanda ya tashi a gidan da ake saki kamar canza riga, sakin ba zai yi masa nauyi a baki ba. Amma albasa ba ta yi halin ruwa ba, an sha ganin ɗan malami ya lalace, an kuma ga wanda wahalar da uwarsa ta sha ta sa ya yi rantsuwa ba zai taɓa wulaƙanta mace ba. A dubi gida, sannan a dubi mutumin shi kansa. Ƙin mutumin kirki don sana'ar kakanninsa, wanzanci ko fawa ko ƙira, ba binciken hali ba ne, girman kai ne.

8. Abokansa ba su yi mini ba, amma ya ce shi ba halinsu ɗaya ba.

Mutum ba ya zaɓen 'yan uwansa, amma shi ke zaɓen majalisarsa. Hadisin Abu Dawuda da Tirmizi ya ce mutum yana kan addinin amininsa. Wanda yake kwashe kowane dare a wurin da ake zagin mata, ana caca a waya, ana shan abin da bai kamata ba, ko bai taɓa ba, abin bai dame shi ba ne. Kuma ranar da kuka saɓa, wurinsu zai kai ƙara, su za su ba shi shawara.

9. Muna son juna, amma ra'ayinmu kan kuɗi ya sha bamban. Wannan zai iya kashe aure?

Ƙwarai kuwa, kuma yana daga cikin abubuwan da suka fi cika zauren sulhu. Yawanci ba rashin kuɗin ne ke kawo rigimar ba, don akwai gidajen talakawa da ke zaune lafiya. Rigimar tana tasowa ne idan kowa yana da nasa wurin da yake ganin kuɗi ya kamata su tafi. Shi yana ganin duk abin da ya samu akwai rabon mahaifiyarsa da ƙannensa bakwai a ciki, ita tana ganin gidansa ne farko. Ita tana ganin fita kunyar biki, anko da gudummawa, wajibi ne, shi yana ganin ɓarna ce. Shi yana son a tara a sayi fili, ita tana son a ci mai kyau yau. Babu mugu a cikinsu dole, amma idan ba a zauna an daidaita ba, kowane ƙarshen wata sai an yi.

Lokacin haɗa lefe da kayan ɗaki shi ne gwajin farko, kuma a bainar jama'a ake yin sa. Saurayin da ya ci bashin da zai shekara biyu yana biya don a ce akwati goma sha biyu ya kawo, ya nuna cewa bakin mutane ya fi kwanciyar hankalin gidansa muhimmanci. Gidan da suka mayar da lefe don atamfar ba ta kai ba, su ma sun faɗi abin da suka fifita. Wanda ya zo ya ce “Baba, ga iya ƙarfina”, bai ƙara ba bai rage ba, wannan ya fara da gaskiya, kuma ya cancanci a riƙe shi da daraja.

Kafin a sa rana, a yi magana ɓaro-ɓaro: nawa yake samu a wata, su wa ke kansa, akwai bashi ko babu, yaya za a yi cefane. Idan tana aiki ko sana'a, a san cewa a shari'ar Musulunci dukiyar mace tata ce, ciyarwa da tufatarwa da muhalli kuma a kan miji suke. Abin da ta taimaka da shi kyautatawa ce. Namijin da ke lissafa albashinta cikin kasafinsa tun kafin a shafa fatiha, a yi masa tambaya. Yadda ake buɗe irin wannan magana yana cikin amsa ta 10.

10. Ina jin kunyar tambayarsa kan karatuna, aikina da inda za mu zauna. Yaya zan yi?

Abin da kunya ta hana a faɗa a zaure, a gaban alƙali ake faɗarsa daga baya, da kuka. Idan bakinki ba zai iya ba, ai don haka aka yi gwaggo da yaya da kawu. Ki gaya wa wadda kika fi sakewa da ita abubuwan da ba za ki iya rayuwa babu su ba, ita ta kai wa waliyyinki, shi kuma ya faɗa wa magabatan mijin a gaban shaidu. Alkawarin da aka yi wa budurwa a ƙofar gida da daddare yana da saurin mantuwa. Wanda aka yi wa kawunta a gaban dattawa huɗu yana da wuyar musantawa. Idan kuna son a mayar da shi sharaɗi a cikin ɗaurin auren, ku tuntuɓi malamin fiƙihu, don akwai bayani a kan irin sharaɗin da ke ɗaure miji da wanda ba ya ɗaure shi.

Ki kuma lura da yadda ya karɓi tambayar. Wanda ya ce “gaskiya ni ba na son matata ta yi aiki” ya yi miki adalci, ya bar miki zaɓi. Wanda ya fi ban tsoro shi ne mai cewa “duk abin da kike so” ga kowace tambaya, ba tare da ya tsaya ya yi tunani ba.

11. Yana da zafin rai, amma ina ganin zan iya gyara shi bayan aure. Hali yana canzawa?

Muna cewa hali zanen dutse, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai da hali ba ya canzawa sam, da wa'azi da tarbiyya da tuba duk ba su da amfani. Wannan ita ce hujjar da Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kafa a Ihya'u Ulumid Din. Mutum yana iya koyon haƙuri da kyauta da riƙe harshe ta hanyar tilasta wa kansa har abin ya zame masa jiki.

Amma mai halin ne ke canza kansa. Mata ba ta gyara miji, miji ba ya gyara mata, sai dai su taimaki wanda ya riga ya ɗauki hanya. Alamar wanda ya ɗauki hanya ita ce ya amsa laifinsa ba tare da an matsa masa ba, ya daina ɗora wa wasu, kuma a ga bambanci na watanni, ba na mako guda bayan an yi masa barazanar fasawa ba. Ki tambayi kanki: idan ya zauna a yadda yake ɗin nan har shekara talatin, zan iya zama? Idan amsar a'a ce, to da wani mutumin da babu shi kike shirin aure. Wanda kuwa ya taɓa marin ki tun kuna waje, ki duba amsa ta 12 da ta 16.

12. Kullum ana ce mana aure haƙuri ne. Ina iyakar haƙurin?

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Ana haƙuri da talauci, da rashin lafiya, da bambancin ɗabi'a, da yawan magana ko ƙarancinta, da dangin da ba su da sauƙi. Irin wannan haƙuri shi ke riƙe gida, kuma ana buƙatarsa daga ɓangarorin biyu, ba daga mace kaɗai ba. Duka, hana abinci, zagin iyaye, kulle mace babu ci babu magani, waɗannan zalunci ne, kuma mayar da yarinya ɗakinta da kalmar “yi haƙuri” ba tare da an kira mijin an tsawata masa ba taimaka wa zalunci ne.

Alƙur'ani, a Suratun Nisa'i aya ta 35, ya ce idan aka ji tsoron ɓaraka a tashi mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Idan hakan bai yi ba, akwai mai unguwa da hakimi, akwai ofisoshin Hisba a jihohi irin su Kano da ke zaman sulhun ma'aurata, akwai kuma kotun shari'a, wadda ke da ikon raba aure saboda cutarwa.

13. Kowa ya shaida mutumin kirki ne, iyayena suna so, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Laifi ne in ƙi?

Ba laifi ba ne. A Buhari, matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta gaya wa Manzon Allah (SAW) cewa ba ta zargin mijinta a addini ko a hali, amma ba za ta iya zama da shi ba. Aka umarce ta ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki, aka raba su. A Buharin dai, Khansa'u 'yar Khizamu, wadda bazawara ce, ta kai ƙarar mahaifinta da ya aurar da ita ba da sonta ba, aka warware auren. Kyan hali sharaɗi ne, amma ba ya maye gurbin yarda.

Sai dai ki tsaya ki gane dalilin rashin kwanciyar. Idan don ba shi da mota ne, ko bai iya kalaman waya ba, ki saurari iyayenki da kyau, sun ga abin da ba ki gani ba. Idan kuwa kin ba shi lokaci, kin yi istihara, har yanzu jin muryarsa na sa gabanki faɗuwa, ki faɗa musu cikin ladabi tun kafin a karɓi kuɗin gaisuwa. Iyaye kuma su tuna, wadda za ta zauna a ɗakin ita ce.

14. Me ya wajaba in bayyana game da kaina, me kuma zan iya rufewa?

Duk abin da zai shafi rayuwar abokin zama kai tsaye, a faɗa: auren da aka taɓa yi, 'ya'ya, mata nawa ke gida, bashi mai nauyi, ainihin sana'a, ciwon da ke yaɗuwa ko ke hana zaman aure. Aron mota da aron gida don a burge surukai yaudara ce, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. A jihar Kano, tun 2024 doka ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, wanda ya haɗa da ƙanjamau, ciwon hanta da nau'in jini mai nuna haɗarin sikila. Idan namiji da mace duk nau'in jininsu AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS, wato ciwon sikila. Wanda ya sayi takardar gwaji ta bogi ya ci amanar matarsa da ta 'ya'yan da ba a haifa ba tukuna.

Zunubin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa, ya tuba, kuma ba ya da wata illa da za ta bi abokin zama, ba a buƙatar tona shi. Saurayi ma ba shi da hurumin titsiye yarinya da tambayar abin da Allah ya rufa.

15. Duk maganar a kan binciken wani ce. Ni ta yaya zan san abin da ni kaina na fifita?

Ka ɗauki wata uku da suka wuce ka duba abu uku: inda kuɗinka suka tafi, inda lokacinka ya tafi, da abin da ya fi tayar maka da hankali. Idan kana cewa zumunci ne a gabanka amma rabonka da gidan gwaggonka tun sallar bara, alhali ba ka fashin majalisa, to ka samu amsa. Sannan ka nemi mutum ɗaya da ba ya tsoronka, yayarka ko tsohon abokinka, ka tambaye shi wane hali naka ne zai fi wahalar da matarka. Ka yi shiru har ya gama. Duk tambayoyin da ke amsa ta 5, wani zai je ya yi su a kanka, gara ka riga shi.

16. An riga an sa rana, an kai lefe, sai na gano halin da ba zan iya zama da shi ba. Zan iya janyewa?

Za ka iya, za ki iya. Baiko da sa rana alkawari ne, ba aure ba ne, kuma ko da yake saɓa alkawari babu dalili abin zargi ne, gano ƙarya babba, duka, shaye-shaye ko cin amana dalili ne. Da farko a tabbatar da labarin daga majiya fiye da ɗaya, don lokacin biki lokacin mahassada ne, a kuma ba wanda ake zargi dama ya yi bayani a gaban manya.

Idan ta tabbata, magabatan da suka je nema ko suka karɓi nema su ne za su koma su warware, ba saƙon waya ba. A mayar da sadaki idan an riga an bayar, a mayar da lefe yadda ya zo, a kan sauran kyaututtuka kuma a bi al'adar garin ko a tambayi malami. A faɗa wa ɗaya gidan dalili a taƙaice, a cikin ɗaki. Kada a kai maganar Facebook ko TikTok, kada a bi gari ana ɓata suna. Idan daga baya wani gida ya zo bincike a kan mutumin, sai a yi aiki da abin da ke amsa ta 6.